Allon Sori

"Wai ni kam, wannan sori ɗin da yara ke jefa wa mutum, mece ce ma'anarsa?"

Inna ce ta yi tambayar, tsohuwar da muke haya a gidanta. Jikarta ce ta take mata ƙafa, ta ce sori, ta wuce da gudu. Ba ni aka tambaya ba, Tela aka tambaya, mai ɗakin da ke kallon namu. Ni ina gindin famfo ina wanke kwanoni, kaina a sunkuye kamar kullum. Tela ya buɗe baki ke nan sai ga maigidana ya fito daga ɗaki yana gyara wuyan riga.

"Inna, ki bar Tela da allurarsa. Ga mai ilimin abin a gabanki."

Maigidana mai fenti ne, amma shi ya raɗa wa kansa Injiniya, sunan kuma ya bi shi don mutane sun gaji da musu. Sati uku ya yi yana fentin wani babban ofis mai hawa biyar. Tun daga nan ko ruwa zai sha sai ya ba da labarin yadda ake shan sa a can.

Ya ɗaga yatsu. "Kalma ɗaya ce, Inna, amma aikin ƙarti biyar take yi. In ka taka mutum, sori. In an yi masa rashi, sori. In za ka gifta ta gaban babba, sori. In an roƙe ka abu ba ka da niyyar bayarwa, sori, ka hana kuma ba a ji haushinka ba. In kuma an yi magana ba ka ji ba, ka karkata kai haka, ka ce sori, sai a maimaita maka."

Inna ta ce, "Au, ashe ba da haƙuri ne."

"Ina! Ba da haƙuri ai aikin wahala ne. Sai ka rage tsawo, ka karyar da wuya, ka ɓata rabin awa ana yi maka faɗa kana cewa haka ne. Sori kuwa a tsaye ake faɗar sa. Kana tafiya ma kana iya wurga shi ta bayan kafaɗa."

Sai ya rage murya, kamar zai faɗi inda aka binne zinariya.

"Amma babban sirrin, ba kowa ya sani ba. A ofishin nan, kafin mu fara aiki, sai a kafa allo a hanya, an rubuta sori da manyan baƙaƙe. Mu toshe hanya, mu cika wuri da wari, har wani mai kwat na ɗiga wa fenti a takalmi. Ko tari bai yi ba! Me ya sa? An riga an ce sori tun kafin a yi laifin. Mu nan sai mun ɓata muke ba da haƙuri. Su can sai su bayar tukuna, sannan su ɓata a natse."

Tela ya ce, "To ai sai ka rubuta a goshinka, ka huta gaba ɗaya."

Aka yi dariya. Maigidana bai yi ba. Na ga idonsa ya tsaya wuri guda, na kuwa san wannan kallon. Da shi ya taɓa sayo agwagi goma sha biyu mu yi kiwo a ɗaki ɗaya.

A wannan satin ne aka tashi daga ɗakin bakin ƙofa. Ɗaki ne mai taga babba, iska na shiga ta fita. Namu kuwa yana jikin ban ɗaki, ba taga, bangonsa kullum a jiƙe. Ina da ciki wata huɗu, ban gaya wa kowa a gidan ba don kunya, kuma warin nan da safe yana juya mini hanji. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so tagar nan ba. Tela ma yana so, don ya kafa keken ɗinkinsa yana kallon titi. Inna ta ce ita ba ta son rigima: ranar Asabar za ta ba wanda ya fi amfanar gidan, wanda kuma ba a kawo ƙararsa ba.

Maigidana ya shigo da wani guntun katako, ya shafa masa fari, ya rubuta SORI da ja, ya yi masa ƙafafu biyu. Aji huɗu na tsaya a makaranta, amma na karanta shi tsaf.

"Amarya, ki fara ɗaure kaya. Zan gyara gidan nan kyauta da ragowar fentin da nake da shi, Inna ta ga amfani. Ƙara kuwa, wa zai kai? Ga allo."

Na ce, "To, da dai an tambaye su tukuna..."

"Tambaya ta mutanen da ce."

Ranar Litinin da sassafe ya fara da famfo. Ya kafa allo, ya ɗaure kan famfon da leda, ya shafe bango da dakalin da ake ɗora bokiti da shuɗin fenti. Maƙwabciyarmu matar Direba ta fito da bokiti biyu da yara uku tsirara, za ta yi musu wankan makaranta.

"Injiniya, mene ne haka?"

Bai juyo ba. Da burushi ya nuna mata allon.

"Na ga katako. Ruwa nake tambaya."

"Sai la'asar, in ya bushe. Karanta mana, an riga an ba ki haƙuri tun kina barci."

"Katakon ne zai wanke mini yara?"

"Hajiya, a ofis ko manaja ba ya musu da allo."

"To ka kai shi ofis ɗin ya aure ka!"

Ta ja yaranta ta shige tana zage-zage. Shi kuwa ya wanke hannu da sauran ruwan shan da na ajiye, ya tafi wurin aiki yana fito.

Ni ba na iya faɗa, ba na ma iya doguwar gaisuwa. Amma na ɗauki jarka biyu na tafi layin baya, na yi sawu uku. Na ajiye a ƙofarta, na durƙusa, na ce, "Yaya, don Allah ki yi haƙuri." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Ta dube ni, ta dubi jarkokin, ta ce, "Tashi, ƙanwata, ba ke kika yi ba. Allah dai ya ba ki ladan zama da rediyo." Har shayi ta ba ni.

Da yamma maigidana ya dawo, matar Direba ta amsa gaisuwarsa, ko da yake a daƙile. Ya shigo ɗaki yana rawar kafaɗa.

"Kin gani? Da safe kamar za ta cinye ni, yanzu lafiya lau. Allon yakan ɗan ɗauki lokaci kafin ya kama jiki."

Na ajiye masa abinci, na bar zancen jarkoki a cikina.

Talata ya koma bangon Tela. Tela ya rataye wani farin yadi a igiya, na wani mutum da zai zo karɓar ɗinkinsa jibi. Maigidana ya kafa allo a ƙarƙashin igiyar, ya tsoma burushi, ya yarfa irin yadda ya ce ƙwararru ke yi. Farin yadi ya koma kamar ƙwan zabuwa.

Tela ya fito da almakashi a hannu.

"Ka kashe ni! Ka san yadin wane ne wannan?"

"Sori."

"Wanne daga ciki? Na taka ƙafa ko na rashi?"

Maigidana ya ɗan yi tunani. "Haɗa duka biyun, ban yi maka rowa ba."

Sai da Kofur ya shiga tsakani. Kofur tsohon soja ne, ɗakinsa na ƙarshe, ba ya magana sai ta kama, kuma in ya tsaya a tsakar gida har kaji nutsuwa suke yi. Ya karɓe almakashin kawai ya koma.

Da maigidana ya fita na sayo kananzir da sabulu. Awa uku na yi a bayan ɗakin Tela ina murza yadin nan ɗigo ɗigo, ina kawar da kai ina yunƙurin amai. Da ya fita tas na goge, na ninke, na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Baba Tela, a yi haƙuri." Ya juya yadin gaba da baya. Can ya ce, "Amarya, don ke. Wallahi don ke kaɗai."

Laraba kuwa Kofur ɗin kansa aka taɓa. Yana barcin rana, maigidana ya kafa allo ya shafe masa ƙofa. Fentin da ya zaɓar masa ruwan hoda ne, irin na ɗakin jarirai. Ya shafa shi da kauri har cikin ƙyaure, rana ta buga, ƙofa ta manne. Da la'asar muka ji bugu daga ciki, sannan muka ji shiru, sannan ƙofar ta fito gaba ɗayanta da ƙafar Kofur a bayanta.

Ya tsaya yana kallon ƙofarsa a ƙasa, ruwan hoda.

"Wa ya yi?"

Maigidana daga bayan randa ya miƙo hannu ya nuna allo.

Kofur ya dubi allon, ya dubi mai allon, ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya koma ciki. Ni na san wannan ba yafiya ba ce. Washegari da maigidana ya fita na kira kafinta ya mayar da ƙofar, na kankare fentin da wuƙa har yatsuna suka yi kanta. Na durƙusa zan yi magana, Kofur ya ɗaga hannu. "Na ji, 'yata. Je ki huta."

Zuwa Alhamis maigidana ya gama yarda cewa ya riƙe duniya a hannu. Allon ya shigo har ɗakinmu. Na dawo daga wanka na tarar da shi a jingine da tukunya, naman da na ajiye na dare babu. Ya kawo abokai huɗu cin abincin rana ba sanarwa, allo na gaba suna biye. Har ya fara lissafin buɗe shago: allon sori ƙarami na aljihu, matsakaici na magidanta, babba na masu gini.

"Kwana huɗu, Amarya, ƙara ko ɗaya ba a kai ba! Asabar zan rufe da babban aiki. Zan hau sama in shafe kwanon rufin nan kore, tun daga titi a san an canza gida."

Na ce, "Asabar ina da awo a asibiti."

"Je ki abinki. Me za ki yi mini a nan? Kin taɓa riƙe burushi?"

Layin asibiti ya yi tsawo, ban dawo ba sai da rana ta take tsaka. Tun daga kan kwana na hango mutane cunkus a ƙofar gidanmu: masu shago, masu wucewa, mai gyaran takalmi da akwatinsa, kowa ya ɗaga kai sama. Na bi idonsu.

Maigidana ne a kan rufi, ba takalmi, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya kamar mai tattaka laka.

Na kutsa ciki. Tsakar gida ta zama kore. Matar Direba ta ja ni gefe ta ba ni labari tana haki. Ya cire takalmi a ƙasa wai kada santsi ya ɗebe shi, ya hau da babban bokiti, ya ajiye shi a bakin rufi, ya juya zai yi wa mutanen titi bayani, ya shure shi da diddige. Fenti ya biyo indararo ya zuba cikin duron ruwan gida, sauran ya fantsama kan igiya. Asabar kuwa ranar wanki ce. Kayan makarantar yara, rigunan Direba, zanen gadon Inna, har farar kyanwarta da ke barci a gindin duro, duk sun zama 'yan gida ɗaya.

"Da muka yi ihu, kin san abin da ya ce? Wai mu duba ƙasa, ga allo nan!"

Ta ce daga nan ne Kofur ya fito. Ya ɗauke tsani ya kwantar a ƙofar ɗakinsa, ya zauna a kai. Inda tsanin yake kuma ya kafa allon, yana kallon sama.

"Kofur!" maigidana ya ƙwala kira. "Wasa ya isa! Kwanon nan wuta ne!"

Kofur ya nuna allo da haɓa.

"Ba haka ake amfani da shi ba!"

Tela ya ce, "Haka ka koya mana, Injiniya. An ba ka haƙuri tun kafin a ɗauke. Ko manaja ba ya musu da allo."

"Tela, kai fa maƙwabcina ne. Miƙo mini takalmina kawai."

Tela ya ɗaga takalman, ya duba su, ya ajiye. "Sori. Wannan na hanawa ne, kada ka ji haushina."

Titi ya ɗauki dariya. Matar Direba ta zo ta gifta ta ƙarƙashinsa da kwandon kayanta kore, ta ɗan rusuna. "Sori, zan wuce ta gaban babba."

Maigidana ya cire hula ya taka, ƙafa ɗaya ta samu wuri. Ya cire riga ya taka da ɗayar. Ya rage daga shi sai singileti, yana tsaye a kan kayansa kamar zakaran da aka ɗora a kan katanga. Da ya ɗaga ƙafa, iska ta zo ta ɗauke hular, ta kai ta titi. Mai gyaran takalmi ya cafe, ya ɗaga masa, ya ce, "Sori, Oga!"

Ni dai ban iya dariya ba. Ina kallon tagar ɗakin bakin ƙofa, ina jin ta tafi. Na je gaban Kofur zan durƙusa kamar yadda na saba. Ya tare ni da murya ƙasa ƙasa, yadda na sama ba zai ji ba.

"A'a, 'yata. Kwana uku kina biyan abin da ba ki ci ba. Yau mai baki zai yi da bakinsa."

Sai ga Inna ta fito, jikarta na biye da kujerar roba. Ta zauna a tsakiyar gida, koriyar kyanwa a cinyarta.

Maigidana ya ga ceto. "Inna! Sori, Inna! Sori ƙwarai! Sori babba!"

Inna ta sa hannu a bayan kunne. "Ɗan nan, ni ban yi boko ba. Shi ya sa ka ji ina tambaya ran nan. Yi mini da yaren da aka yi maka faɗa da shi kana yaro."

Ya dubi titi, ya dubi tsakar gida. Mutum ya fi hamsin. Ya ce wani abu a cikin maƙogwaro.

Kofur ya karkata kai gefe, daidai yadda aka koya masa. "Sori?"

"Na ce ku yi haƙuri!"

Inna ta ce, "A tsaye?"

"Inna, in na durƙusa gwiwata za ta soyu!"

"Rabin awa ka ce ana ɓatawa. Mu minti ɗaya muke so."

Ya tattara rigarsa ya ɗora gwiwoyi a kai. Ya karyar da wuya. Wallahi tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba.

"Inna, ki yi haƙuri. Matar Direba, na ɓata miki kaya, na hana 'ya'yanki ruwa, ki yafe mini. Tela, yadinka. Kofur, ƙofarka. Ni na yi, ba allo ba. Don girman Allah a kawo tsani."

Inna ta ɗaga kyanwar sama.

"Ita ma ta yi haƙuri!"

Kofur ya tashi ya jingina tsani. Maigidana ya sauko da baya da baya, mutanen titi na tafi kamar an ci ƙwallo. Bai tsaya ba sai ɗaki, amma Kofur ya fito da shi. Sauran yinin ranar ya yi shi ne da tsumma da kananzir, Kofur na zaune yana nuna masa inda ya tsallake.

Da magariba jikar Inna ta ce ana kira na. Na shiga, na zauna a bakin ƙofa. Ina jira a ce mu nemi wani gida.

Inna ta kwance bakin zanenta, ta ciro makulli, ta ajiye a tafin hannuna.

Na ce, "Inna, ai an kawo ƙara..."

"An kawo, har ta ishe ni. Amma masu ƙarar su suka ce a ba ki. Tela da ƙafarsa ya zo ya ce ya janye, wai kekensa ya saba da duhu. Jarka shida, yadi, ƙofa, duk na ji. Kina tsammani don ina zaune a kujera ba na gani?" Ta dubi cikina, ta kawar da kai tana murmushi. "Kuma mai zuwa yana son iska. Tashi, kafin kunya ta kashe ki a ɗakina."

Na tarar da maigidana ya tsoma ƙafafu a baho, ya rufe ido. Na ajiye makullin a kan gwiwarsa. Ya buɗe ido, ya ɗaga shi, ya juya shi. Ina kallo kafaɗunsa suka fara tashi a hankali kamar ƙullin burodi.

"Amarya! Me na gaya miki? Na ce yakan ɗauki lokaci kafin ya kama jiki! Yau ɗin ma matsalar ɗaya ce, allon ya yi wa aikin ƙanƙanta. Aikin rufi babban allo yake so." Ya sosa ƙeya, bai kalle ni ba. "Naman nan na ran Alhamis fa... ki yi haƙuri."

Na ce, "Ba komai."

Lahadi muka tare. Tagar ba ta da maƙalli, in an buɗe sai ta koma ta rufe. Na duba ko'ina ban sami abin tokarewa ba, sai allon nan da aka yar a bayan duro. Na cire masa ƙafafu, na juya rubutun ƙasa, na tokare. Daidai ya zauna, kamar don ita aka yanka shi.

Yanzu da safe iska na shigowa har kan gado. Ina jin maigidana a bakin ƙofa yana ba masu shago labarin yadda ya ci ɗaki da kalma ɗaya, Tela na ce masa haka ne, Kofur na tari. Jiya ƙanwata ta zo ta tambaye ni wai da gaske Turancin mijina ne ya samo mana taga. Labarin ya zo har bakina. Sai na tashi na zuba mata shayi. Waɗanda suka sani sun sani, sauran kuma ba daga bakina za su ji ba.